Suna da Kaso: Abin da Ke Raya Ƙungiyar Makaɗa
Laccar da aka gabatar a Ƙofar Kuyambana, birnin Zariya

  Zancenmu na yau a kan cinikin kiɗa yake, wato yadda mutum zai riƙi goge ko kukuma ko garaya ya ci abinci da ita, ya yi aure, ya tarbiyyantar da 'ya'ya, ya kuma tsufa ba tare da ya koma bara ba. Kowa a nan ya san kiɗan tsirkiya yana janyewa daga ƙasar Hausa. In ka tambayi dalili, wani zai ce zamani ne, wani ya ce wa'azin malamai ne, wani ya ce fiyano da kwamfuta ne suka kore shi. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni a ganina ciwon ya girmi waɗannan duka, domin yana cikin tsarin sana'ar ne tun asali: wa ke biyan makaɗi, sunan ƙungiya na wane ne, kuma yaya ake raba abin da aka samu. Don in fito da wannan fili zan ɗauko tarihin wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta ƙasashen Turai, ta masu goge huɗu, wadda ta faro daga inda makaɗanmu suka faro, ta faɗa irin ramin da suka faɗa, sannan ta sami mafita.

Ƙungiyar mutum huɗu ce ba ƙari. Biyu suna riƙe da ƙaramin goge mai siririyar murya, ɗaya da matsakaici, na huɗu da babba wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Babu ganga, babu mawaƙi, babu mai ba da umarni a gabansu. Wanda ya daidaita wannan salo shi ne Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya, kuma shi kansa bara ne. A 1761 ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy, aka rubuta masa sharuɗɗa: zai sa tufafin bayin gida, zai riƙa bayyana gaban ubangidansa don jin umarni, kuma duk abin da ya tsara mallakar ubangida ne. Sai a 1779 aka sassauta masa, ya sami ikon sayar da aikinsa. Nan da nan, a 1781, ya riƙa aika wa masu hali wasiƙu yana tallar sababbin kaɗe-kaɗensa shida na goge huɗu, a biya a sami kwafin hannu kafin a buga su ga kowa. A ɓangaren masu kaɗawa kuwa, Ignaz Schuppanzigh ne ya fara gwada tara jama'a a birnin Biyana su sayi tikiti don sauraron goge huɗu, wajen 1804. Duk da haka abin bai tsaya da ƙafarsa ba sai da jakadan Rasha, Razumovsky, ya ɗauke su aiki a gidansa a 1808, da alkawarin albashi na dindindin. Su ne suka fara kaɗa da yawa daga ayyukan Beethoven. A daren ƙarshe na shekarar 1814 gobara ta cinye fadar jakadan, dukiyarsa ta karye, ba a jima ba ƙungiyar ta watse, Schuppanzigh ya tafi Rasha neman abinci, bai dawo Biyana ba sai 1823. Gwanintarsu ba ta ragu da ƙwayar zarra ba a daren gobarar. Aljihun mutum ɗaya ne ya ƙone, sana'ar mutum huɗu ta bi shi.

Duk wanda ya san fadar Zazzau ba zai ji wannan labari baƙo ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar nan zamanin Sarki Ja'afaru, ya buga nazarinsa a kan roƙo a 1957, sannan David Ames ya zo a farkon shekarun 1960, zamanin Sarki Muhammadu Aminu, ya ɗauki kaɗe-kaɗen birnin nan a faifai, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Abin da suka tarar sana'a ce mai cikakken tsari. Makaɗan fada suna da sarautu, suna da jerin girma, ɗa yana gadon uba, kowane rukuni ya san ubangidansa da ranar aikinsa. Daren Juma'a, wato yammacin Alhamis, masu tambari da kakaki da algaita da farai sukan hallara a ƙofar fada su yi sara. A madadin haka ubangida ya ba da gida, ya ba da hatsi, ya ɗinka riga, ya ba da doki, ya ɗauki nauyin aure da suna. Haka Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, haka Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Masu goge da kukuma galibi ba su cikin wannan sahu na fada, su nasu iyayen gidan attajirai ne da 'yan kasuwa da direbobi da samarin gari, amma ƙa'idar ɗaya ce: ka jingina da wani, ka yabe shi, ya yi maka kyauta. Tamu gobarar ba a dare ɗaya ta tashi ba. An raba Jihar Arewa a 1967, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Sarki ya koma mai karɓar albashi, hakimi ma haka. Wanda a da yake ciyar da gidaje goma na makaɗa ya zama yana lissafin nasa gidan.

To, me Turawa suka yi bayan tasu gobarar? Da farko yawo suka shiga. Wasu 'yan'uwa huɗu 'yan gidan Müller suka ajiye aikin fadar Brunswick a Jamus a farkon shekarun 1830, suka riƙa bin birane suna kiɗa ana sayen tikiti, har zuwa 1855. Wannan ya raba su da dogaro da ubangida ɗaya, sai dai bai warkar da ɗaya ciwon ba. Kusan shekara ɗari galibin ƙungiyoyin suna amsa sunan shugabansu, mai goge na farko, shi ke zaɓen abin da za a kaɗa, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka, sauran ukun 'yan rakiya ne. Ƙungiyar Joseph Joachim ta Balin, wadda ta fi kowace suna a zamaninta, ta fara a 1869, ta ƙare a 1907, shekarar da ya mutu. Canji na gaske ya zo ne a 1917, lokacin da wasu makaɗa huɗu suka kafa ƙungiya suka sa mata sunan birnin Budapest, suka kuma gindaya wa kansu dokoki: kuɗi a raba daidai, mai goge na farko ba ya fin kowa ko da sisi, saɓani a warware shi da ƙuri'a, kada kowa ya karɓi wani aikin kiɗa a gefe. Kafin ƙarshen 1936 babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ta da ya rage a ciki, duk huɗun da ke kaɗawa haifaffun daular Rasha ne, amma sunan yana nan, kwangiloli suna nan, masu saye ba su gudu ba, ta kuma kai har 1967. Ƙungiyar Juilliard ta Amurka an kafa ta a 1946, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta ya yi ritaya a 1997, har gobe tana aiki. A birnin Leipzig akwai wadda ke amsa sunan zauren kiɗan garin tun 1808. Suna ya zama kadara, kamar rumfar kasuwa wadda mai ita zai tsufa ya bar wa abokin cinikinsa, masu saye kuma su ci gaba da zuwa inda suka saba.

Yanzu mu dubi namu a kusa. Daren biki ne, an kafa fitila, an shimfiɗa tabarmi. Mai kukuma ya ɗauko 'yar ƙwaryarsa da aka rufe da fatar guza, ya goga ƙaro a jikin tsagiyar doki har ta yi kaushin da zai ba da sauti, ya ɗan ja ya saurara, ya ƙara ɗaurewa. A bayansa masu ƙwarya da kalangu da 'yan amshi, ga sanƙira yana kiran sunayen manyan wuri. Aka fara liƙi, kuɗi na sauka a goshin maigida, yaro na tsincewa yana turawa a jaka. Da asuba ta gabato sai a koma masauki, maigida ya zauna da jakar, ya cire kuɗin mota da na lasifika, ya ware nasa, sannan ya miƙa wa kowa abin da ya ga dama. Mai adalci yakan yi adalci, kuma da yawa sun yi, har su aurar da yaransu su kai su Makka. Amma kyauta ce, kuma ba a kai ƙarar kyauta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana amshi ba shi da ko taku ɗaya a cikin sunan da ya taya ginawa. Ranar da maigida ya kwanta dama, sunan ya bi shi kabari. Ina ƙungiyar Garba Supa? Ina ta Hassan Wayam, wanda a Zariyar nan ya zauna ya yi tashensa? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma duk girman wannan suna, mutanen da suka yi rabin rayuwarsu suna riƙe masa kalangu ba su gaji wata ƙungiya mai cin gashin kanta ba. Inda aka sami ɗorewa, kamar gidan Musa Ɗanƙwairo da 'ya'yansa suka ci gaba bayan rasuwarsa a 1991, jini ne ya riƙe abin. Gado ta jini kuwa hanya ce mai kyau matuƙar an haifi mai baiwa kuma yana so, sai dai yau ɗan makaɗi yana da makaranta da wasu ƙofofi a gabansa, ba wanda zai tilasta shi.

Na san abin da wani zai ce, kuma magana ce mai nauyi. Zai ce ba daidai ba ne a gwada biyun, domin Baturen mai goge takarda yake karantawa, wani ne ya tsara kiɗan tun shekara ɗari biyu, saboda haka in an cire mutum ɗaya wani zai zauna a kujerarsa ya karanta takardar. Mu kuwa shugaban ƙungiya shi ne mai ƙirƙira, shi ne murya, don shi aka zo. Yaya za a ce ya raba daidai da mai buga ƙwarya? Na yarda da rabin wannan. Ba wanda zai zauna a kujerar Shata, kuma ko a Turai akwai ƙungiyoyin da suka zaɓi su mutu tare da mutanensu, kamar Amadeus ta Ingila wadda ta yi shekara 40 ba ta canja kowa ba, ta rufe a 1987 da ɗayansu ya mutu. Ban kuma ce dole kaso ya zama daidai ba. Abin da nake cewa shi ne ya zama sananne kafin a fita aiki, a rubuta shi, a sa shaidu. Shugaba ya ɗauki rabi in haka aka amince, amma ɗan amshi ya san nasa nawa ne cikin goma, ya san abin da zai samu daga faifai, ya san abin da zai fita da shi ranar da ya gaji. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin tarayya a kasuwanci dalla-dalla. Sauran rabin maganar kuwa ban yarda da shi ba. Cewa ba mu da takarda bai nuna ba mu da abin gado ba. Takardarmu ƙirjin 'yan amshi ce da yatsun masu kiɗa. Su suka haddace taken kowane gida, su suka san inda ake sauka da inda ake tashi. Idan suka watse don ba su da abin da zai riƙe su tare, taskar ce ta watse. Game da rubutu kuma, Turawan ma sun ɗanɗana kuɗarsu inda suka yi sakaci. A shekarar 2000 mutum uku na ƙungiyar Audubon a Amurka suka sallami na huɗunsu, ya kai su kotu, alƙali ya ce su biya shi sama da dala dubu 600, suka karye, har gidajensu da kayan kiɗansu suka shiga haɗari. Tarayyar da ba a fayyace yadda za a rabu a cikinta ba tana iya zama masifa ko ina ne.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Za a ce ko an gyara rabo, ina abin rabawa? Mai biki yau zai ɗauko yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika ya raba dare ana rawa, a kan kuɗin da ba zai kai na motar makaɗa bakwai ba. Mawaƙin zamani zai shiga situdiyo a Kano ko Kaduna, mai fiyano ɗaya ya fitar masa da sautin kalangu da na goge duka. Wannan gaskiya ne, kuma masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, sun bayyana dalilinsa tun 1966. Masaƙa takan ƙara injin ta rage ma'aikata, yadi ya yi arha. Amma kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu na rabin sa'a, yau ma mutum huɗu yake buƙata da rabin sa'a, alhali kuɗin abinci da haya da makarantar 'ya'yansu yana ta hawa. Don haka kiɗan hannu kullum ƙara tsada yake in an gwada shi da sauran kaya, kuma kasuwa ita kaɗai ba ta taɓa riƙe shi ba, ko a Turai. Ƙungiyar Flonzaley wani mai banki ne, Edward de Coppet, ya kafa ta a 1902 ya ɗauki nauyinta don su samu su yi ta gwaji ba tare da neman wani aiki ba. Ita kanta Budapest daga 1940 zuwa 1962 tana da mazauni a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Mafi muhimmanci shi ne abin da ya faru da Pro Arte ta Beljiyam. Ranar 10 ga Mayu 1940 suna kiɗa a garin Madison sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu, hanyar gida ta toshe, sai Jami'ar Wisconsin ta ɗauke su a matsayin ma'aikatanta, su koyar su kuma yi wasa. Daga nan jami'o'in Amurka suka ɗauki wannan al'ada, kuma ita ce ƙashin bayan sana'ar har yau.

Mai suka zai ce to ai an dawo gidan jiya, ubangida ne dai, an canja masa riga. A'a, akwai bambanci, kuma a kansa dukan zancen ya rataya. Ubangida mutum ne, yana fushi, yana talaucewa, yana mutuwa, kuma abin da yake saye yabo ne. Makaranta ko cibiya aiki take saye: ka koyar da ɗalibai kaza, ka yi wasa sau kaza a shekara, ga albashinka, ga wa'adin kwangilarka. Makaɗin da ke da wannan gindi, ga kuma biki da rediyo da faifai a gefe, in ƙafa ɗaya ta karye sauran za su riƙe shi. Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su, kuma daga can ne Malam Maman Barka ya tafi bakin tafkin Chadi ya koyo biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, daga hannun tsohon da ya rage da saninsa. Mu a nan muna da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sashen harsuna da na wasan kwaikwayo, ga kwalejojin ilimi. Jami'ar ta karrama Shata da digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta. An rubuta kundaye masu yawa a kan mawaƙanmu, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin da yawansu. Muna girmama makaɗi in ya shahara, muna nazarinsa in ya mutu, abin da ya rage shi ne mu ɗauke shi aiki yana raye, hannunsa na da ƙarfi.

Ba zan tsallake maganar addini ba, don a birnin malamai muke. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi suka mai tsanani ga kiɗan banza, goge kuma ya daɗe da ɗaukar tabo saboda alaƙarsa da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Malamai da yawa har yau suna ganin haramcin kayan tsirkiya, wasu tun zamanin Ibn Hazm suna da wata fahimta, kuma fatawa ta masu ita ce. Wanda ya guji kiɗa don tsoron Allah, ba ni da abin da zan ce masa sai girmamawa. Abu biyu kawai zan ƙara. Na farko, yawancin abin da ya zubar da mutuncin makaɗi a idon jama'a, wato yabon wanda bai cancanta ba, da zambo ga wanda ya hana, da bin wuraren da ba su dace ba, daga hanyar biya suka fito. Smith ya lura da haka a Zazzau tun shekarun 1950: tsoron zambo na cikin abin da ke sa mutane buɗe aljihu. Wanda abincinsa ya rataya a kan liƙi dole ya bi mai kuɗi duk inda yake, ya faɗi abin da yake son ji. Ka ba shi albashi da aji, ka cire masa wannan larura. Na biyu, duk hukuncin da mutum ya ɗauka a kan kiɗa, dattijon da ya yi wa wani aiki shekara talatin ya tashi hannu wofi an ci haƙƙinsa, kuma ban san malamin da zai halatta wannan ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Masu goge da kukuma da garaya da gurmi da suka rage a ƙasar Zazzau su haɗu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, su zaɓi suna wanda ba na ɗayansu ba, na unguwa ko na ƙofa, su yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, su rubuta kasonsu da yadda za a shiga da yadda za a fita. Duk abin da za su ɗauka a faifai ya fita da wannan suna, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga masu wasa, kuma kada a maimaita zamanin kaset, lokacin da aka biya makaɗi sau ɗaya wasu suka yi shekaru suna kwafa suna sayarwa. Ita kuma jami'a, ko kwalejin ilimi, ko Masarautar Zazzau tare da 'yan kasuwar garin, su ɗauki ƙungiya ɗaya tak a kan kwangilar shekara uku: ɗaki ɗaya na gwaji, albashin mutum biyar, ɗalibai goma, da mai haɗa kayan kiɗa guda wanda zai koya wa yara yadda ake jeme fatar guza a ɗaura ta a ƙwarya. In wa'adin ya cika a zauna a duba littafin kuɗi da yawan ɗaliban da suka iya, a yanke shawarar sabuntawa ko dainawa. Yawancin waɗanda za su iya koyarwar sun manyanta, don haka shekarar karatu mai zuwa ya kamata a fara.